Abin da ke Cikin Ƙafar Dama

Rana ta riga ta faɗi, amma duhu bai gama shigowa ba, lokacin da wani abu ya faɗo a kan rufin kwanon gidan Makanike. Ƙara ɗaya ya yi, sannan ya gangaro a hankali ya tsaya a bakin indararo. Matar gidan tana tsakar gida tana kwashe shanya, ta ɗaga kai ta ce yaran maƙwabta dai ba za su taɓa yin hankali ba. Makanike kuwa yana tsugune a bakin famfo yana goge baƙin mai daga hannunsa da sabulu da yashi, kamar yadda ya saba kowace yamma. Bai ko waiwaya ba.

Sai wani ya faɗo, wani ya biyo shi. Kafin matar ta gama naɗe zanen da ke hannunta, rufin ya ɗauki ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Auta, 'yarsu da ta rage a gabansu tun da aka aurar da manyan, ta fito daga ɗaki da littafin makaranta a hannu. Kawu ma ya leƙo daga ɗakin zaure, ƙanin matar gidan ke nan, wanda ke jinyar karayar hannu a wurinsu. Shi ya fita waje ya zagaya gidan, ya dawo ya ce babu ko kaza a layin.

Ɗaya daga cikin abubuwan ya gangaro ƙasa ya tsaya daidai ƙafar Makanike. Ya sa hannu ya ɗauka. Ba dutse ba ne. Tsohon noti ne mai tsaga a kai, da ɗuminsa kamar yanzu aka kwance shi daga mota, kuma yatsunsa sun gane shi tun kafin idonsa ya gani. Irin notin da ake ɗaure tayarod da shi ne a ƙafar mota.

"Mene ne, Baban Auta?" in ji matarsa.

"Dutse ne," ya ce, ya zura shi a aljihu.

Makanike ba ƙaramin mutum ba ne a sana'arsa. Ƙafar mota ya ƙware a kai, wato taya da duk ƙarafan da ke riƙe da ita suna juya ta. Idan direba ya zo yana kukan sitiyari na wasa, ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya zauna a kujera ya motsa sitiyarin dama da hagu a hankali, kansa a waje ta taga, ya ga iya tafiyar da hannu zai yi kafin taya ta amsa. Sannan ya ɗaga motar a jak, ya kama taya gefe da gefe ya girgiza. In ya ji ƙwas-ƙwas, ya san tayarod ne, sandar ƙarfen nan da ke kai umarnin sitiyari zuwa taya. In kuma sama da ƙasa ya kama ya ji motsi, to boljoyin ne, wato mahaɗin da taya ke juyawa a kai, ko boris ɗin cikin tayar. Direbobi kan yi layi a rumfarsa, shi ma ya san da haka, har ya fi yadda ya kamata ya sani.

Kawu kuwa direba ne, yana da 'yar motarsa ta ɗaukar kaya, kuma bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar da aka kai yayarsa gidan Makanike yake tsokanar mijin. Bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Tsoho, shi kuma Makanike ya rama da kiransa Sarkin Gudu. In sun haɗu, matar gidan takan ce kunnenta ya shiga uku, amma tana dariya take faɗa. A duk dangin matarsa babu wanda Makanike ke so kamar wannan mai surutun.

Wata yamma, watanni kaɗan kafin notin nan ya faɗo, Kawu ya shigo rumfar da motarsa. Ya ce sitiyari na yi masa lilo a hanya, kuma da asuba zai ɗauki kaya zuwa wani gari. Makanike ya ɗaga motar, ya girgiza tayar hagu, ya girgiza ta dama. Duka biyun suka amsa masa da ƙwas-ƙwas. A kan kowane tayarod akwai ƙwallon ƙarfe da ke zaune cikin ɗan kofi, kuma duka ƙwallayen sun cinye, suna yawo a mazauninsu. Maganinsu sabo ne, masu shagon kayan mota kuwa sun rufe sun tafi gida.

"Ka bari sai gobe," ya ce.

Kawu ya juya ya kalli sauran makanikan da ke zaune suna hira. "Kun ji ko? Tsoho hannu ya mutu. Ashe duk shekarun nan mai shago ne ke gyara mana mota, shi ɗan aike ne kawai, ya karɓo ya ɗaura."

Aka kwashe da dariya. Wasa ne, irin wanda suka yi sau ba adadi, amma ranar ya sami Makanike a wani wuri mai taushi. Ya ce wa Kawu ya je gida wurin yayarsa ya ci abinci ya dawo. Da rumfar ta watse, ya yi abin da ya gani ana yi tun yana yaron gareji, abin da shi da kansa yake zagin masu yinsa. Ya yanko tsohuwar robar tub, ya fitar da ƙwallon, ya naɗe shi da ita, ya mayar cikin kofin, ya bubbuga bakin da guduma har ya kama. Ya yi wa hagu, ya yi wa dama. Irin wannan aikin yakan yi tsam kamar sabo, har ranar da robar za ta cinye, ƙwallon ya fice daga kofin gaba ɗaya, taya ta daina jin maganar sitiyari.

Kawu ya dawo, ya murza sitiyari, ya ji shi daram. "Kai, Tsoho! Sabo ka samo?"

"Kai dai hau motarka ka ba ni wuri."

A ransa ya ce da Kawu ya dawo daga tafiyar zai sa masa sababbi. Kawu ya dawo, ya sake tafiya, ya sake dawowa, yana ta yabon sitiyarin a gaban mutane. Bakin Makanike ya yi nauyi. Ana nan, wata magariba, a wata kwana da ke bayan gari inda wani tsohon kango yake gefen titi, Kawu ya juya sitiyari, mota ta ci gaba da tafiya miƙe. Ta daki bangon kangon ta rushe shi.

Da ransa aka fito da shi, hannun dama a karye. A asibiti yana ta cewa, "Na juya, wallahi na juya, ita ce ta ƙi." Babu wanda ya saurare shi. Kowa ya san Sarkin Gudu, kowa ya ce gyangyaɗi ne ya ɗauke shi. Yayarsa tana kuka tana yi masa faɗa, ta ce mijinta ya gyara masa mota tsaf, shi kuma ya je zai kashe kansa da ganganci. A hankali Kawu ya daina cewa ya juya. Daga baya ma ya fara cewa, "Wataƙila barcin na yi," yana kallon ƙasa.

Makanike da kansa ya je ya jawo motar. Da ya leƙa ƙarƙashinta ya ga tayarod ɗin hagu ya fice, robar na reto a jikinsa. Ya kwance shi kafin wani ya gani, ya naɗe a tsumma, ya kai gida ya jefa cikin tsohuwar gangar tarkace da ke bayan ɗakin Auta. Ya sayo sababbi guda biyu. Na hagu ya ɗaura ba tare da kowa ya tambaya ba, tun da hatsari ya lalata gefen. Amma duk kwanakin gyaran Kawu na zaune a benci da hannu rataye a wuya, yana kallo, yana cewa, "Allah Ya saka maka, Tsoho, na ba ka wahala." Da ya taɓa na dama, da Kawu ya tambayi dalili, tun da wancan gefen ko ƙwarzane bai yi ba. Sai ya girgiza tayar, ya ji da ɗan sauran ƙarfi a robar, ya ce zai canza ranar da babu kowa. Sabon ƙarfen ya kwanta a ƙasan akwatin kayan aikinsa, motar kuma aka ajiye ta a ƙofar gida tana jiran hannun mai ita ya warke. Kullum sai ya wuce ta gefenta, kullum sai ya ce gobe.

Bayan yammar notin nan, gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da zarar rana ta faɗi sai jifan ya fara, kuma kowace safiya Makanike kan riga kowa fitowa ya tsince notunan ya ɓoye. Daga baya aka fara jin wani sauti daga ƙofar gida, daga wajen motar, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, kamar wani ya kama taya yana girgizawa. In aka fita da fitila, babu kowa. In aka dawo, sai a ji kukan yaro can ƙasa-ƙasa, ba a cikin gidan ba, ba kuma a waje ba, kukan yaron da ya gaji da kuka. Matar gidan ta daina barin ƙofa a buɗe. Hira ta mutu a tsakar gidan, kowa ya ci abincinsa shiru ya shige ɗaki.

Sannan abin ya taɓa Auta. Yarinya ce mai kuzari, ba ta tafiya sai da ɗan gudu, uwarta kullum tana ce mata ta bi a hankali. Wata yamma ta ɗauko kwanuka za ta kai ɗakin girki. Ƙofar na hannun dama, ta saba shiga ko da ido rufe. Suna kallo ta zo daidai ƙofar, kafaɗarta ta karkata za ta shiga, amma ƙafafunta suka ci gaba miƙe har ta gwabza goshi da bango. Kwanukan suka watse.

Ta zauna a ƙasa tana kallon ƙafafunta. "Umma, na juya," ta ce. "Wallahi na juya, su ne suka ƙi."

Kawu, da ke tsaye a bakin zaure, ya dafa bango. Makanike ya sunkuya ya fara tsince kwanukan.

Daga ranar Auta ba ta sake tafiya daidai ba. Da rana lafiya lau take, sai dai tsoro. Da yamma ta yi kuwa sai ta zauna a tsakiyar tabarma, idanunta a buɗe ba sa ganin kowa, ta ɗaga hannuwa biyu kamar mai riƙe da sitiyari, tana murzawa, tana murzawa, gumi na zuba. An kai ta asibiti, likita ya duba ƙafa da kai da ido, ya ce bai ga komai ba. Uwar ta rame. Makanike ya daina iya cin abinci, a rumfa ma sifana sai ta riƙa suɓuce masa. Tausayin 'yarsa na cin sa, kunya kuma ta hana shi faɗin gaskiya, kuma abin takaici, kunyar ce ke rinjaye kowace rana.

Ranar da aka kwance wa Kawu ɗaurin hannu, ya sami yayarsa da mijinta a tsakar gida. Babu wasa a fuskarsa.

"Yaya, ni na jawo muku wannan abin. Tun da na zo gidan nan aka fara. Duk abin da na taka a wancan kangon, ni ya biyo. Gobe da safe zan ɗauki motata in koma gida, in ya so ya bi ni can ya bar yarinyar nan."

Hanyar gidan Kawu ta wannan kwanar mai kango take bi. Makanike ya sani sarai, ya kuma san abin da ke cikin ƙafar dama. Ya ce, "Ka ɗan ƙara kwana biyu mana," da wata murya da shi kansa bai gane ta ba. Kawu ya girgiza kai. Matar gidan ta kalli ƙaninta, ta kalli ɗakin 'yarta, ta ɗauki mayafi ta ce ita kam yau sai ta kira Malam.

Malam dattijo ne ɗan siriri da ke koyarwa a masallacin layin, mutum mai magana a hankali, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Bayan sallar magariba ya shigo. Jifan na tsaka da sauka, amma yana sa ƙafa a tsakar gidan rufin ya yi tsit. Ya nemi ruwa a kofi, ya zauna nesa kaɗan da Auta, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Kawu da Makanike suka tsaya a bakin ƙofa. Ya fara karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka.

An daɗe ba abin da ya motsa sai hannuwan yarinyar. Can suka tsaya cak. Kanta ya sunkuya, ya ɗago a hankali, sai wata murya ta fito daga bakinta, muryar mace babba, a dishe, irin ta wadda ta kwana biyu ba ta yi barci ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da aka rushe."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To kin san zalunci kike yi."

"Ɗana ma bai yi wa kowa komai ba," in ji muryar. "Yana wasa a gindin bangonmu da magariba, mota ta zo ta danne masa ƙafa. Kukansa kuke ji. Ni kullum a kunnena yake."

Kawu ya zube a kan gwiwoyinsa. "Ni ne, baiwar Allah. Ni na yi barci a kan sitiyari. Ki bar ta, ki kama ni, don Allah."

Kan Auta ya juya wajensa. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai? Ai kai na fara bi. Na zauna a kanka a asibiti ina jiran in karya ka. Amma ina tsaye a ƙofata lokacin da ka taho. Idonka biyu. Na ga hannunka na juyawa, na ji kana salati. Ba ka yi barci ba, ɗan mutum. Sai na bar ka, na koma na bi ƙarfen."

"Wane ƙarfe?" in ji Malam.

"Wanda ya fice. Na bi warinsa har gidan nan. Yarinyar ta tsince shi a tarkace tana tokare ƙofarta da shi. Ga shi can."

Duk suka waiwaya. A gindin ƙofar ɗakin, inda kowa ke wucewa kullum ba ya lura, tsohon tayarod ne kwance, tsumman ya warware, guntun baƙar roba na leƙowa. Makanike ya gane shi nan take. Shi ya kawo shi gidan da hannunsa, ya ajiye a bayan ɗakin 'yarsa.

"Me kike so ki fita?" Malam ya tambaya.

"Ƙafa a madadin ƙafa. Ta hagu kawai zan ɗauka in tafi."

Uwar ta ƙwala ihu ta rungume 'yarta. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba za ki ɗauki ko farce ba. Ke uwa ce, kin san zafin da kike neman sa wa wannan matar." Ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan. Jikin Auta ya ɗauki rawa, muryar ta yi ta nishi tana cewa ya bari, ya bari. Da ya tsagaita, sai ta yi magana a gajiye, kuma wannan karon babu fushi a ciki, tsoro ne.

"Na bar ƙafar. Amma ba zan fita ba, Malam, ko za ka ƙone ni ƙurmus. Na ji an ce gobe motar nan za ta sake bi ta ƙofata. Ina da sauran 'ya'ya, kuma a nan suke wasa. Ku tambayi mai hannun, me ke cikin ƙafar dama?"

Malam bai waiwaya ba, idonsa na kan kofin ruwan. Matar gidan ce ta ɗago kai a hankali ta kalli mijinta, Kawu ma ya kalle shi daga inda yake durƙushe. Babu zargi a idonsu, jira kawai suke ya ce ƙarya take yi, kuma da ya faɗa da sun yarda. Wannan ne ya fi komai yi masa ciwo.

"Roba ce," in ji Makanike.

Babu wanda ya gane sai muryar. "Ya buɗe da hannunsa," ta ce. "A gaban wanda ya ɗauki laifin. In na ga ƙarfen kirki ya shiga, zan tafi, ba kuma zan dawo ba."

"Kin yi alkawari da sunan Wanda Ya halicce mu da ku?"

"Na yi."

Aka zaunar da Auta a bakin zaure, uwarta na riƙe da ita, Malam a gefe yana ci gaba da karatu ƙasa-ƙasa. Makanike ya ɗauko akwatinsa da jak. Ya miƙa wa Kawu fitila, Kawu ya karɓa. Ya sa duwatsu a bayan tayoyi, ya ɗaga gefen dama har tayar ta bar ƙasa.

"Kawo hannunka," ya ce. Ya kama hannun Kawu, wanda bai daɗe da warkewa ba, ya kai shi bayan tayar ya ɗora a kan tayarod. Sannan ya kama tayar gefe da gefe ya girgiza. Ƙwas-ƙwas. Sautin da suka yi ta ji kowace yamma ke nan. Robar ta riga ta cinye, ƙwallon na buga kofin a ƙarƙashin tafin Kawu.

"Ka ji? Wannan ba zai kai ka gida ba."

Ya cire tayar. Ya zare ɗan ƙarfen da ke kulle notin, ya kwance notin, ya daki gefen mazaunin da guduma har ƙarfen ya saki. Ya yi alama a kan zaren don kada saitin taya ya ɓace, ya murɗo tsohon ya fitar. Ko ƙarfi bai sa ba, da yatsa ya ture ƙwallon ya faɗo daga kofin. Ya zaro abin da ya rage na robar, baƙa, a tattaune kamar ɓera ya ci, ya ɗora a tafin Kawu.

"Ranar da ka ce hannuna ya mutu, ban samo sabo ba. Wannan na naɗa maka, hagu da dama. Na hagun ne ya fice a kwanar nan. Na gani da idona, na ɓoye. Na bari aka ce barci ka yi, na bari yayarka ta yi maka faɗa, ina tsaye. Sabon na dama yana cikin akwatin nan tun kana asibiti, kunya ta hana ni ɗaurawa." Ya ajiye tsohon ƙarfen a ƙasa. "Goben nan ma, ina jin da na bar ka ka tafi."

Kawu ya matso da fitilar. Ya daɗe yana kallon robar.

"Ashe na juya," ya ce a hankali.

"Ka juya."

Daga bakin zaure aka ji matar gidan ta fashe da kuka, tana kiran ƙaninta, tana cewa ya yafe mata. Mijinta kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Makanike ya share ido da bayan hannu, ya ɗauko sabon ƙarfen. Ya murɗa shi har daidai alamar, ya zaunar da shi, ya ɗaure notin tam, ya zura makullinsa ya lanƙwasa. Ya mayar da taya, ya kama gefe da gefe ya girgiza da duk ƙarfinsa. Ba ta ce komai ba. Ya zagaya ya ɗaga hagu ma ya gwada, don a gani.

"Na gani," in ji muryar daga bakin Auta. "Ɗana zai yi ɗingishi har ƙarshen ransa, Makanike. Ban yafe ba, na dai tafi."

Malam ya ce ta fita ta inda ta shigo, kada ta cutar. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafarta ta hagu ta yi wata 'yar girgiza, jikinta ya saki a hannun uwarta. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Kafin a hana ta, ta miƙe, ta ratsa tsakar gida, ta zo daidai ƙofar ɗakin girki ta juya dama ta shige. Uwarta ta bi ta tana hamdala. Malam ya ɗauki tsofaffin ƙarafan biyu ya ce zai yi nesa da su. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa Makanike, "Nawa aikin ya ƙare. Naka ne ya rage," ya tafi.

Rufin bai sake ƙara ba. Da safe Makanike ya kai motar aka saita tayoyin, ya dawo da ita ƙofar gida ya wanke gilashin da kansa. Kawu ya fito da jakarsa. Ya yi sallama da yayarsa, ya dafa kan Auta ya ce ta rage gudu, har ta yi dariya. Sannan ya zo wurin motar. Bai shiga ba. Ya tsuguna a gaban tayar dama, ya kama ta gefe da gefe ya girgiza, ya zagaya ya yi wa ta hagu haka. Tun da yake kawo mota wurin mijin yayarsa bai taɓa duba aikinsa ba.

Makanike na tsaye yana murza tsumma a hannu. Jira yake a zage shi, ko a tsokane shi, ko da da mugun wasa ne. Da Kawu ya ce masa Tsoho mai roba, da ya ji sanyi a ransa.

Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Ya ɗan rusuna, kamar yadda ake yi wa babban mutumin da ba a saba da shi ba.

"Na gode, Maigida. Allah Ya saka da alheri."

Ya shiga ya tayar da mota. Makanike ya bi ta da kallo har ƙarshen layi, inda ta juya ba gardama ta ɓace. Ya daɗe a tsaye a wurin, tsumman na hannunsa, har Auta ta leƙo ta ce, "Baba, shayinka na hucewa."